Tambaya kan rarraba tirilobait: rassan zuriya ko awon siffa?

Ɗalibar jiyoloji:

Assalamu alaikum. Ina karatu kan tirilobait, waɗannan halittun teku masu ɓawo mai kashi uku da suka bayyana kimanin shekaru miliyan 521 da suka wuce, suka kuma ƙare a ƙarshen zamanin Famiyan, wajen shekaru miliyan 252 baya. An ce an siffanta jinsinsu fiye da 20,000, kuma na ga masana suna bin hanyoyi biyu wajen tsara su: kiladistik, wadda ke zana rassan zuriya, da kuma awon siffa da lissafi. Shin hanyoyin nan kishiyoyin juna ne, kuma wace ce ta fi cancanta a dogara da ita, tunda burbushi kawai ya rage, babu ƙwayar halittar gado da za a gwada?

Malamin nazarin burbushi:

Wa alaikumus salam, Malama. Ba kishiyoyi ba ne, tambayoyinsu ne suka bambanta. Kiladistik, wadda Bajamushe Willi Hennig ya kafa a 1950, tana neman sanin wane ne ɗan'uwan wane, kuma sharaɗinta shi ne ba a haɗa halittu rukuni guda sai sun yi tarayya a wata sabuwar siffa da suka gada daga kaka ɗaya. Siffar da kowa ke da ita tun asali ba ta zama hujja.

Amfanin wannan sharaɗi yana fitowa idan aka dubi tarihin fagen. A 1897 Charles Beecher ya raba tirilobait bisa yadda tsagar kai take tafiya, wato layin da ɓawo ke buɗewa idan dabbar za ta yi saɓa. Tsarin ya daɗe a littattafai, amma daga baya aka gane cewa irin tsaga ɗaya ta ɓullo a zuriyoyi daban-daban waɗanda ba su da kusanci. A 1990 Richard Fortey ya mai da hankali kan farantin da ke ƙarƙashin kai kusa da baki, ko a manne yake ko a sake, tare da siffar dabbar a matakan farko na girmanta, kuma wannan ya sauya tsarin manyan rukunai. Duk da haka, rukunin Ptychopariida har yau ya zama tamkar rumbun da ake zuba duk wanda aka rasa masa gida, domin siffofin da suka haɗa 'yan rukunin tsofaffi ne, kuma wasu rukunai daga cikinsa suka fito.

Mai aikin awo:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina ganin akwai matakin da ke gaban zana rassa, wato tabbatar da cewa abin da ake kira jinsi, jinsin ne. A nan awon siffa yake da ƙarfi. Ana sa ɗigo a wurare tabbatattu na kai, kamar kusurwar ido da gaban tudun tsakiya, sannan kwamfuta ta daidaita girma da juyawar samfuran, ya rage bambancin siffa zalla.

Misalin da ya fi burge ni shi ne tirilobait ɗin Amurka da ake kira Dikelocephalus, na ƙarshen Kambiriyan, wato zamanin da tirilobait suka fara bayyana a cikinsa. A 1930 Ulrich da Resser sun raɗa masa sunayen jinsuna masu yawa, amma da Nigel Hughes ya sake auna tarin samfura a shekarun 1990, ya nuna cewa bambancin yana tafiya ne a jere ba tare da giɓi ba, ya mai da su jinsi ɗaya. Da an shigar da waɗancan sunaye cikin lissafin kiladistik, da kwamfuta ta fitar da bishiya mai kyan gani a kan abin da babu shi. Haka kuma Aulacopleura koninckii na ƙasar Cek, wanda balagaggunsa ke da gaɓoɓin ƙirji daga 18 zuwa 22, ya nuna cewa ƙidayar gaɓoɓi kaɗai ba ta isa a raba jinsi ba. A 2007 Mark Webster ya nuna cewa irin wannan sauyin siffa a cikin jinsi guda ya fi yawa a tirilobait na Kambiriyan fiye da na baya, wanda ke nufin tsofaffin rukunai su ne suka fi wuyar tsarawa.

Ɗalibar jiyoloji:

Na gode, malamaina. To ashe awon siffa shi ne mafi aminci ke nan?

Malamin nazarin burbushi:

Kada ki yi saurin yanke wannan hukunci. Awo yana auna kama ne, kama kuwa ba koyaushe take nufin dangantaka ba, domin tirilobait na zuriyoyi mabambanta sun sha rasa idanu ko su sami sumul ɗin ɓawo saboda muhallinsu ya zo ɗaya. Ga kuma matsalar dutse kansa: motsin ƙasa yakan miƙar da samfuri ɗaya ya faɗaɗa wani, sai a ga dogo da gajere a ɗauka jinsi biyu ne, kamar yadda ya faru da burbushin Himalaya kafin a gyara siffarsu da lissafi.

Akwai ma tambayoyin da ɓawo kaɗai bai warware su ba. An daɗe ana muhawara ko ƙananan halittun teku da ake kira Agnostida tirilobait ne. Binciken Müller da Walossek na 1987 kan ƙafafun samfuran Suwidin ya karkata su wajen dangin jatan lande, sannan a 2019 samfuran Burgess na Kanada masu ɗauke da gaɓoɓi masu taushi suka dawo da su kusa da tirilobait. Shawarata ita ce, duk bishiyar zuriyar da kika gani, ki fara duba samfura nawa aka auna wa kowane jinsi, da kuma ko an ware yara daga manya kafin a cike jadawalin siffofi.