Awa 30 na GCC: me ake iya sauyawa a sharuɗɗan ƙarin ilimin masu gyaran ƙashin baya?

Ɗan Leeds:
Assalamu alaikum. Tambayata kan 'yan kairofirakta ce a Birtaniya, wato masu gyaran ƙashin baya da gaɓoɓi da hannu, waɗanda hukumar kula da sana'ar, General Chiropractic Council (GCC), ke yi wa rajista. Me ake nema daga gare su duk shekara kafin rajistarsu ta ci gaba? Na ga sabuwar ƙa'idar aiki ta fara a 1 ga Janairu 2026, amma adadin awannin ƙarin ilimi yana nan yadda yake. Mene ne dalili?

Hajiyar Rajista:
Wa alaikumus salam. Shekarar ƙarin ilimi, wadda suke kira CPD, tana farawa 1 ga Satumba ta ƙare 31 ga Agusta. A cikinta mutum zai cika awa 30, kuma aƙalla 15 dole su zama koyo tare da wasu: taron bita, lacca, ko zama da abokan sana'a ana tattauna matsalar marasa lafiya. Sauran 15 zai iya yi shi kaɗai da karatu. Bayanin abin da ya yi zai shiga hannun hukuma kafin ƙarshen Satumba, sabunta rajista kuma wa'adinsa 30 ga Nuwamba.

Inda mutane ke tuntuɓe ba adadin ba ne. Wani zai tara awa 40 na karatu shi kaɗai, na tare da wasu kuma 10 kacal, ya ɗauka ya wuce. Wani ya halarci bita amma bai ajiye takardar shaida ba, sai a zaɓo shi cikin waɗanda za a bincika ya rasa abin nunawa. Wani kuma ya kwafe sunan kwas a gurbin da aka ce ya bayyana abin da ya koya da yadda ya sauya aikinsa. Wanda bai cika ba ana iya cire shi daga rajista, kuma dokar sana'ar ta 1994 ta haramta wa wanda ba ya cikin rajista ya kira kansa da sunan sana'ar.

Mai Bin Doka:
Malam, dalilin da awa 30 ba ta motsa ba shi ne tana cikin dokokin CPD na 2004, waɗanda sauya su sai da amincewar Majalisar Mashawartan Sarki. Ƙa'idar aiki da jagororin cike fom kuwa suna hannun GCC. Shi ya sa duk gyaran da ake gani ta ƙofar jagora yake shigowa: a zaɓi batu guda na shekara, kamar sadarwa da majiyyaci ko neman yardarsa, a ce kowa ya yi rubutu a kai.

Ka kwatanta da 'yan ostiyofat, maƙwabtansu a sana'a, waɗanda su ma ke maganin gaɓoɓi da tsoka da hannu. Tun Oktoba 2018 hukumarsu ta koma zagayen shekara uku, awa 90, rabi tare da wasu. Lissafin ɗaya ne, awa 30 a shekara. Bambancin shi ne a ƙarshen zagaye sai ka zauna da wani abokin sana'a ya bi abin da ka yi ya sa hannu. A ganina nan ne tsarin GCC ya fi rauni, domin mutum shi ke zaɓar abin da zai koya, kuma kowa ya fi karkata ga abin da ya riga ya iya.

Likitan Gaɓoɓi:
Na yarda da Mai Bin Doka, amma ina ganin kafin a taɓa tsari a fara duba inda ake cutuwa. A 2017 wani dattijo mai shekara 80 ya rasu bayan wuyansa ya karye ana masa magani a wurin mai gyaran ƙashin baya a birnin York na Ingila. Da ya ce ba ya jin hannuwansa, ɗaga shi aka yi aka zaunar a kujera, alhali abin yi shi ne a hana wuyan motsi. Mai binciken mutuwar a 2019 ya nemi a wajabta horon taimakon gaggawa, a kuma duba batun ɗaukar hoto kafin magani. Daga nan GCC ta shigar da taimakon gaggawa cikin abin da ake tambaya a CPD.

Akwai abubuwan da bai kamata a bar wa zaɓin mutum ba. Matsewar jijiyoyin ƙarshen laka: ciwo a ƙafa biyu, rashin ji tsakanin cinyoyi da kewayen dubura, kasa fitsari ko kasa riƙe shi. Wannan asibiti ne a ranar, a yi hoton MRI, ba a ce ya dawo mako mai zuwa ba. Sai tsagewar jijiyar jini ta wuya, wadda kan fara da sabon ciwon wuya ko kai mai tsanani, jiri, gani biyu-biyu, harshe ya yi nauyi. Sau da yawa da ita majiyyacin ya shigo, ciwon ne ma ya kawo shi, don haka tambayoyin farko sun fi ƙarfin hannu muhimmanci. Mai ɗaukar hoton ƙashi a asibitinsa kuma yana ƙarƙashin dokokin amfani da hasken X-ray na 2017, dole kowane hoto ya kasance da hujja a rubuce.

Ɗan Leeds:
Na gode. To me zai hana a sa jarrabawa duk bayan 'yan shekaru?

Hajiyar Rajista:
Jarrabawar takarda ilimi take aunawa, ba ta ganin yadda mutum ke rubuta bayanan majiyyaci ko yadda yake neman yarda. Tun hukuncin da Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke a shari'ar Montgomery a 2015 dole a faɗa wa majiyyaci duk haɗarin da shi zai ɗauka da muhimmanci, da sauran hanyoyin magani. Wannan sai an buɗe fayil ake gani. Hukumar 'yan kairofirakta ta lardin Ontario a Kanada tana tura abokin sana'a ya je asibitin mutum ya duba fayiloli. Ostiraliya kuwa awa 20 kawai take nema a shekara, amma ta haɗa da takardar taimakon gaggawa mai aiki, da sharaɗin cewa mutum ya yi aikin na awa 450 cikin shekara uku da suka wuce, ko 150 cikin wata 12.