Abin da Tauraro Ke Nema Shi Ke Jan Labari

A zaman da muka yi da wasu marubuta kan gina taurari, shawarar da aka fi nanatawa ita ce: kafin ka raɗa wa tauraro suna, san abin da yake nema. An kawo misalin Gizo. Kwaɗayi ne ya sa ya roƙi hankaki su ara masa gashin fuka-fukai, ya bi su cin ɓaure a tsakiyar kogi. Kwaɗayin nan dai ya sa ya yi ta hana su ci, har suka ƙwace gashinsu suka bar shi a kan bishiya. Da za a cire masa wannan hali, babu tafiyar, babu rikicin.

An daɗe ana muhawara kan mowa da bora. Wasu na ganin muguntar kishiya ta wadatar. Ni na fi gamsuwa da masu cewa a ba ta dalili, kamar tsoron kada 'ya'yanta su rasa gado, ko rashin adalcin maigida. Tsohuwar bakin rafi kuwa, an ce ta nuna wa jaruma hanya kawai, kada ta warware mata matsalar.