Shawara: Jan Tirelar Dawakai Daga Minnesota Zuwa Texas a Tsakiyar Hunturu

Baban 'Yan Biyu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Iyali za su tashi daga Minneapolis zuwa Fort Worth a watan Janairu da dawakai biyu, don gasar zagaya ganguna. Kusan mil 1,000 ne a kan titin I-35. Me za a tanada? Kuma bargo nawa za a lulluɓa musu?

Hajiya Likita: Wa alaikumus salam. Alhaji, ajiye maganar bargo tukuna. Abin da ke kayar da doki a irin wannan tafiya ƙishirwa ce da gurɓatacciyar iska, sanyi kam yana jure masa. Idan ruwa ya yi sanyi ƙwarai sai ya rage sha, ga busasshiyar ciyawa yana ta ci, sai ta cushe masa a hanji, ciwon ciki ya tashi. Doki mai kilo 500 yana buƙatar lita 25 zuwa 40 a rana. Ku ɗebi ruwan gida a jarkoki, ku sa su cikin mota don kada su daskare, ku tsaya duk bayan awa 3 ko 4 ku miƙa masa bokiti. Mai ɗan ɗumi ya fi shiga. A barbaɗa gishiri cokali 1 ko 2 a abincinsa kullum, aikin da kanwa take yi wa dawakanmu a gida ke nan.

Sai ɗauri. Kada a ɗaure ragama a ɗage masa kai sama tsawon yini. Doki sai ya sunkuyar da kai majina da ƙura suke sauka daga maƙogwaronsa. In aka hana shi, ƙwayoyin cuta su gangara huhu, bayan kwana ɗaya ko biyu zazzaɓi ya rufe shi. A sassauta igiya daidai yadda zai iya sauke kai ƙasa da kafaɗa, amma ba ta yi tsawon da ƙafa za ta sarƙe ba.

Baban 'Yan Biyu: To Hajiya, tagogin fa? Ba a rufe su?

Hajiya Likita: A bar ƙofofin iska na rufi a buɗe, ko da rabi. Dawakai biyu suna ɗumama tirela da jikinsu, in an toshe ko'ina zaurin fitsari da tururi su cika ta. Bargo ɗaya marar nauyi ya isa, sai dai in an aske dokin. A kowace tsayawa zura hannu ƙarƙashin bargon ta bayan kafaɗa. In ka ji danshi, cire shi nan take, don gumin da ya huce a jiki ya fi rashin bargon illa. Kuna gangarawa kudu ne, abin da ya dace a Ayowa zai iya yin yawa a Oklahoma.

Kawu Direba: Ni ta mota zan yi magana. Man dizal yana yin kauri a tsananin sanyi ya toshe filta, don haka a zuba maganin hana daskarewa kafin a cika tanki, a riƙe filta ta biyu. A auna iskar tayoyi da safe, har da sifiya, sanyi yana rage ta. Inda titi ya yi santsi a rage ƙarfin birkin tirela, in ba haka ba tayoyinta su kulle ta juyo ta gefe. A kashe birkin inji ma. Ƙanƙarar Kansas da Oklahoma ta fi dusar Minnesota haɗari, domin a ido kamar jiƙaƙƙiyar kwalta take, musamman a kan gadoji. In an yi hasashen ruwan da ke daskarewa, ɗana, ku kwana inda kuke.

Yaya Mai Barga: Takardu, ƙanina. Kowane doki da sakamakon gwajin Coggins (gwajin jini na gano wata cutar dawakai mai yaɗuwa) na cikin wata 12, da takardar lafiya daga likitan dabbobi wadda ba ta wuce kwana 30 ba. Ku raba tafiyar gida biyu, ku kama barga ta kwana a wajen Kansas City ko Wichita tun kafin ku tashi. Buhun yashi ɗaya don matakalar tirela idan ta daskare. Ciyawa ta gida, kilo 8 zuwa 10 ga kowane doki a rana, da rarar kwana biyu. Dusar ƙanƙara tana dunƙulewa a cikin kofato mai takalmi, doki ya riƙa tafiya kamar a kan ƙwallo, sai a ƙwaƙule ta kafin a hau da shi.

Inna Mai Sukuwa: Ku isa da kwana ɗaya a gaba aƙalla. Tsayuwa a tirela aiki ne, doki yana ta tokare ƙafafu a kowace kwana da kowane birki. Gasar ganguna uku ce, cikin daƙiƙa goma sha wani abu aka gama, kuma wanda ya ture ganga a ƙara masa daƙiƙa 5. Gajiyayyen doki a juyin gangar farko yake zamewa. Ranar isowa a ja shi da hannu kawai, washegari kilisa mai sauƙi.

Hajiya Likita: Inna ta faɗi gaskiya. Ƙari ɗaya: ku auna zafin jikinsu safe da yamma har kwana uku bayan isowa. Daidai shi ne digiri 37.5 zuwa 38.5 a ma'aunin Celsius. In ya haura haka, ko doki ya ƙi ci, ko yana tari, a kira likita, kada a ɗora masa sirdi. Kuma a filin gasa kada ku ari bokitin kowa.