Neman shawara: kulochin Fijo 504 ɗina ya yi tauri, gwiwa ta fara gajiya

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Fijo 504 haɗin Kaduna, wadda na gada daga mahaifina, Allah ya jiƙansa. Injinta lafiya lau, giya na shiga, amma kulochin sai na tattara ƙarfina kafin ya kai ƙasa. In na shiga cunkoson yamma, kafin in isa gida gwiwar hagu tana zogi. Wani ya ce in canza masta, wato silindan da ke tura man kulochi in an taka, in sa ƙarami, wani ya ce in sayar kawai in nemi otomatik. Sayarwa kam ba na so, a cikinta na koyi tuƙi. Don Allah masu sani ku taimaka.

Tsohon direban tasha: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Yaro, na yi shekaru ina jan 504 a hanyar Kano zuwa Jos, kuma ba haka kulochinta yake ba in tana da lafiya. Akwai abin da ya lalace. Kar ka sayar.

Bakanike: Malam, kafin a kwance komai a yi gwaji. Kulochin 504 da man birki yake aiki, akwai masta a sama, akwai ƙaramin silinda a jikin giyabos, tiyo ya haɗa su. Ka sa yaro ya sassauta nonon da ake fitar da iska a silindan ƙasa, kai kuma ka taka. In ya tafi sakwaf ba nauyi, to masta da tiyo ba su da laifi, matsalar tana ciki. In har yanzu da tauri, duba tiyon roba, don in ya tsufa yakan kumbura ta ciki ya matse hanyar mai, daga waje kuwa ka gan shi garau. Ka duba sandar da abin takawar yake juyawa a kanta, ƙura da tsatsa kan riƙe ta.

In ciki ne, mafi yawa filet ne, wato faifan da ke haɗa inji da giya, ya cinye. Mutane na zaton sai ya fara zamewa sannan ya ƙare, alhali tun yana sirancewa yatsun diskin da ke matse shi suke canza tsayuwa, ƙafa ta riƙa jin nauyi a hankali har mutum ya saba bai lura ba. Ga kuma bututun da boris mai danna yatsun diskin yake zamewa a kai da ƙugiyar da ke tura shi, in giris ɗinsu ya bushe sai su riƙa cijewa. In za a buɗe, a canza filet da diski da boris lokaci guda, aikin ba ƙarami ba ne da za a maimaita. Giris kuma ɗan kaɗan, in ya taɓa filet ka sayi sabuwar matsala.

Mai tambaya: Na gode Oga. To maganar ƙaramin masta fa?

Wani ɗan uwa, malamin fasaha: Yana rage nauyi, gaskiya ne. Misali daga faɗin milimita 19 zuwa 17.5, ƙarfin da ƙafa ke sawa zai ragu da kusan kashi 15 cikin 100. Sai dai man da yake turawa ma ya ragu daidai hakan, kulochi na iya ƙin sakin giya sosai, ka fara jin ƙara in za ka sa ribas. Ni ban ba ka shawarar fara da shi ba.

Tsohon direban tasha: Ka tambaya ko an taɓa sa mata diskin a-kori-kura, wasu na yin haka wai don ƙarko. Kuma a danja ka mayar da giya firi ka ɗage ƙafa.

Bakanike: Na manta: man birki DOT 3 ko DOT 4 kaɗai za ka zuba, kuma a sauya shi duk shekara 2 don yana shan danshi. Baƙin mai ko na sitiyari yana kumbura robobi.

Mai tambaya: Mun yi gwajin da safen nan. Da aka sassauta nonon, da hannu ma na danna shi har ƙasa. Man da ya fito baƙi ƙirin, mun sauya. Ranar Asabar in Allah ya kai mu za a buɗe ciki, zan ɗauko muku hoton filet ɗin. Allah ya saka da alheri.