Taragon gyaɗar da aka ba kyauta ba namu ba ne

Maƙerin Tarago: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Raina a ɓace yake, kuma gara in amayar da abin a nan inda ake da masu sani. An yi baje kolin kayan tarihi a wata makaranta a nan Kano, aka ce masu aikin hannu su kawo abin da ke nuna zamanin gyaɗa. Na kai ƙananan taragu da na ƙera da langa-langa da katako. Wani ya zo da jirgin ƙasa na roba da aka sayo masa daga Ingila, ya shafa masa fenti, ya manna takarda: "Jirgin gyaɗar Kano, 1948". Shi aka ba kyauta ta ɗaya, har da tafi.

To ku duba. Faɗin layin dogonmu na da ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067. Jirginsa kuwa kwaikwayon na Ingila ne, masu bin layi mai faɗin 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Taragunsa suna da ƙarafa biyu masu faffaɗan kai a kowane ƙarshe, da ƙugiya da sarƙa a tsakani, yadda ake yi a can. Namu mahaɗi ɗaya ne tak a tsakiya, shi ke ja, shi ke tare karo. Sannan ya rubuta NRC, wato hukumar jiragen ƙasa ta Nijeriya, ɓaro-ɓaro a jikinsu, alhali sai 1955 aka kafa wannan hukuma. Ya kuma sa kan jirgi mai dizal a gaba, a shekarar da kwal ɗin Inugu ne ke jan kayan. Ni kuwa sai da na zauna na yi lissafi: in ka rage komai sau 64, faɗin layinmu zai dawo milimita 16.7, kusan daidai da ƙaramin layin jirgin wasa mai 16.5 da ake sayarwa. Haka masu wannan sana'a suke yi a New Zealand, don su ma ƙafa 3 da inci 6 ne nasu. A kan wannan awo na yanka kowane ƙarfe. Alƙalan ko tsayawa ba su yi ba, sun ce nasa ya fi sheƙi. Yaran da suka kalla sun tafi gida da ƙarya a ka. Wannan gadonmu ne, bai kamata a yi wasa da shi ba.

Ɗan Talakawa: Wa alaikumus salam. Gadon wa? Malam, gyara maganarka. Layin Baro zuwa Kano da aka fara a 1907, zamanin Gwamna Girouard, wa ya haƙa shi? Kakanninmu ne aka kwaso daga ƙauyuka ta hannun hakimai da dagatai, ana so ba a so, aka kai su aikin diga. An shimfiɗa shi ne don a kwashe auduga da fatu da kuza a kai bakin teku. Abin da aka yi don a yashe ka ba ya zama gadonka.

Jikan Fayaman: Kai ɗan'uwa, ji tsoron Allah. Kakana ya tsufa yana zuba kwal a wutar kan jirgi tsakanin Zariya da Minna. Da albashin reluwe ya aurar da 'ya'yansa, da shi ya je Makka. Yanzu kai za ka ce mana ba gadonmu ba ne? Gumin da ya zuba na Bature ne?

Ɗan Talakawa: Allah ya jiƙan kaka. Amma lebura ba ya gadon gonar da ya yi ƙodago a cikinta.

Jikan Fayaman: Ƙodago! Kakan nawa kake kira ɗan ƙodago? Je ka karanta yajin aikin 1945. Ma'aikatan reluwe ne a gaba, da shugabansu Michael Imoudu, suka tsayar da ƙasar nan sama da wata guda. Lokacin da suka yi wa Bature tsaye, naka kakan yana ina?

Ɗan Talakawa: Yana gona yana noma gyaɗar da hukumar saye ke karɓa a farashin da ta ga dama. Kada ka sake taɓa min kaka.

Maƙerin Tarago: Jama'a, maganar tarago nake yi. Ko akwai wanda ke da tsohon hoton taragon kaya da aka ɗauka daga gefe, inda ƙafafunsa suka fito sosai?

Bakanon Fagge: Ni dai gado ne, kuma na Kanawa. Jirgi ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga suka sa rai, manoma da fataken Kano suka juya abin ya koma gyaɗa. Wannan ba dabarar Bature ba ce, tamu ce. Su Alhaji Alhassan Ɗantata ne suka riƙe cinikin, har duniya ta san dalar gyaɗa. Duk wanda ya ce ba mu da gado a ciki hassada ce ke damunsa.

Malama Bazazzagiya: Yaya na Fagge, a yi dai a hankali. Kano ƙarshen layi ce kawai har sai da aka ƙara shi zuwa Nguru a 1930. Mahaɗar jiragen Arewa Zariya ce. Daga nan ƙaramin jirgin Bauci ya tashi, mai faɗin ƙafa 2 da inci 6, ya isa ƙasar Jos a 1914 don ɗauko kuza, har aka rufe shi a 1957. Daga nan kuma layin Funtuwa da Gusau ya tafi ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Duk buhun da ya bar Kano sai ya ratsa ta gabanmu. Kuma dalar da kuke alfahari da ita, me ya tara ta? Ƙarancin taragu da kawunan jirgi ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Gyaɗa ta yi yawa, jirgi ya kasa kwashewa, aka jibge ta aka lulluɓe da tamfol, wata ta kai shekara tana jira.

Bakanon Fagge: Wato dalar ma abin kunya ce a wurinki? Ikon Allah. Bazazzagi ba zai taɓa ganin alherin Kano ya yi shiru ba. To ku me kuka tara a Zariya da aka buga hotonsa a takardar kuɗi?

Malama Bazazzagiya: Ilimi muka tara. Kuma ban ce abin kunya ba ce, cewa na yi ga dalilinta. In gaskiya ta yi maka ɗaci ba laifina ba ne.

Bakanon Fagge: Kawo hujja.

Malama Bazazzagiya: Je gidan adana takardun tarihi na Kaduna, rahotannin suna nan.

Bakanon Fagge: Ke kin je?

Malama Bazazzagiya: Kai ka je?

Ɗan Damagaram: Ku yi haƙuri in sa baki. Kuna ta faɗin gyaɗar Kano, gyaɗar Kano. Wani kaso na abin da ke cikin taragun nan daga wajenmu ya fito. Gyaɗar Damagaram da Maraɗi ta daɗe tana gangarowa kudu a kan raƙuma da jakuna, daga baya a manyan motoci, don mu ba mu da layin dogo. Sai a shekarun 1950 Faransawa suka dage a riƙa bi da ita ta Faraku zuwa Kwatano a ƙasar Benin ta yanzu. In gado ake rabawa, muna da kaso.

Ɗan Talakawa: Ka ji ko. Kowa na rububin gadon wahala.

Jikan Fayaman: Kai dai ba ka da aiki sai ɓata abin mutane. Da jirgin nan mutanenmu suka san Ikko, da shi aka kai shanu kudu, da shi goro ya riƙa isowa da ɗanyensa. Sabon Garin Zariya da Kafancan da Minna duk reluwe ce ta raya su.

Ɗan Talakawa: Ta raya su don wa? Ka duba taswira. Layi biyu ne, ɗaya ya nufi Ikko, ɗaya ya nufi Fatakwal. Me ya sa ba a yi wanda ya haɗa Sakkwato da Katsina da Kano ba? Maiduguri ma sai 1964 ta ga jirgi, bayan Bature ya tafi.

Almajirin Malam: Ni tambayata daban ce. Na ga hoton da Maƙeri ya saka kwanaki, akwai wasu 'yan ƙananan mutane da ya sassaƙa ɗauke da buhu a gefen tarago. Tarago ba shi da rai, babu laifi. Amma mutum-mutumi fa? Ya tambayi malamai?

Maƙerin Tarago: Allah ya gafarta malam, ba su da fuska, ko ido ban yi musu ba. Na sa su ne don mai kallo ya gane girman tarago in an gwada shi da mutum, ya kuma ga cewa a ka da kafaɗa aka yi lodin nan, buhu bayan buhu.

Almajirin Malam: Duk da haka ka tambaya.

Bakanon Fagge: Ga shi nan, an fara. Mutum ya yi abin kirki sai an nemo masa haramci.

Almajirin Malam: Ban ce haramun ba ne, kada ka sa min magana a baki. Nasiha na yi.

Jikan Fayaman: Tunda an dawo kan aikin Maƙeri, ni ma ina da gyara. Ƙanena, ka shafa wa taragunka ruwan toka. Ni da idona na ga na kaya a tashar Zariya ina yaro, ja-ja ne, kalar tsatsa.

Maƙerin Tarago: Yaya, a wace shekara ka gani? In a shekarun 1970 ne, ai an yi ta sake fenti tsakanin nan da 1948, an kuma shigo da sababbin taragu. Nan ne wahalar aikin take. Hotunan wancan zamani baƙi da fari ne, ja da toka duk kusan iri ɗaya suke fitowa. Abin da hoto ke bayarwa shi ne siffa: yawan ƙafafu, inda ƙofa take, tsawon tarago in ka gwada da faɗin layi, da bututun birki da ke rataye a ƙarshensa. Waɗannan ba a jayayya a kansu, kuma su ne mutumin can ya ɓata gaba ɗaya. Launi kuwa sai an samu takardar ma'aikata ko tsohon mai fenti.

Jikan Fayaman: Wato idona ƙarya yake yi?

Maƙerin Tarago: Ban faɗa ba, Yaya.

Jikan Fayaman: Ka faɗa mana. Kai da ba a haife ka ba lokacin da jirgin kwal ya daina aiki, kana gyara wa wanda ya tashi a kwatas ɗin reluwe. Kawunan jirgi masu sunayen koguna da aka kawo daga Ingila bayan yaƙi, a kan idona suka tsufa. Ja ne, na gama magana.

Malama Bazazzagiya: Maƙeri, in da gaske kake, ka je gidan tarihi na Jos, akwai ragowar ƙaramin jirgin Bauci a ajiye. A Ebute Metta da ke Ikko kuma akwai gidan Jaekel, inda aka tara tsofaffin hotuna da kayan aikin reluwe. Mai sunan gidan, Francis Jaekel, ya rubuta tarihin reluwen Nijeriya har juzu'i uku.

Bakanon Fagge: Na Jos ai ƙaramin layi ne, ba shi ya ɗauki gyaɗar Kano ba. Kin ga kin sake jawo mu Zariya ta bayan gida.

Ɗan Talakawa: A ƙera tarago daidai, a auna milimita, amma ba wanda zai ƙera bulalar da aka yi aikin da ita. In tarihi na gaskiya kuke so, ku fara daga nan.

Jikan Fayaman: Shugaba, ka yi wa mutumin nan magana ko in fita daga zauren.

Ɗan Damagaram: Ni har yanzu ba wanda ya amsa min.

Shugaban Zaure: To jama'a, ya isa haka, dare ya yi. Ga abin da na fahimta. Mafi yawan waɗanda suka yi magana sun yarda reluwe gadonmu ce, kuma mu da iyayenmu suka yi aiki a cikinta mun fi kowa sanin haka. Ɗan Talakawa ya kawo siyasa inda ba wurinta ba, kuma ya taɓa mutuncin magabata, don haka ina ba shi shawara ya nemi afuwar Jikan Fayaman. Malama ta kawo hujjoji masu ƙarfi cewa Zariya ce cibiyar jirgin ƙasa a Arewa, ban ga wanda ya iya rushe su ba. Batun launi, maganar wanda ya gani da ido ita ce abin kamawa, saboda haka Maƙeri ya sake fenti zuwa ja. Batun mutum-mutumi a bar wa malamai. Shi kuma wanda aka ba kyauta, ko da ya yi 'yan kurakurai, ya yi ƙoƙari, a ƙarfafa masa gwiwa. Na rufe wannan magana.

Bakanon Fagge: Ranka ya daɗe, kai ma ai ɗan Tudun Wadan Zariya ne. Wannan ba hukunci ba ne, son kai ne. Gobe zan kawo hoton tashar Kano ku ƙirga taragun da kanku.

Ɗan Talakawa: Ba zan nemi afuwar kowa ba.