Yaya zan sauke kwale-kwale daga kan tirela a gida ba tare da ƙugiya ba?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na sayi tsohon kwale-kwale na faiba, tsawonsa mita 5, da inji a baya, yana kan tirelarsa a tsakar gida. Ina so in kankare fentin ƙasansa in sake sabo, kuma daɓen cikinsa ya ruɓe, in ka taka sai ka ji yana lotsawa. Katakan tirelar sun tare wurin da zan goge, ita ma tirelar tsatsa ta ci ta. Ba ni da ƙugiyar ɗaga kaya, jak ɗin mota ɗaya gare ni da bulo kusan 20 da suka rage daga gini. Tunanina in ɗaga shi in jera bulo a ƙasa. Waɗanda suka taɓa yi, a taimaka da shawara.

Mai Walda: Wa'alaikumus salam. Bulon nan fitar da shi daga lissafi tun yanzu. Katako in nauyi ya yi masa yawa sai ya yi ƙara, ka ji ka kauce. Bulo shiru zai yi maka, sai kawai ya dagargaje, kai kuma kana kwance a ƙasa da samfefa a hannu. Nemi guntayen katako masu kauri ka jera su biyu a kwance, biyu a gicciye a kansu, hawa-hawa.

Baban Yara: Ni nawa ɗaure bayansa na yi a jikin bishiya, na ja tirelar da mota a hankali, yaro yana cusa tsofaffin tayoyi a ƙasa yana zamowa a kansu. Ko rabin awa ba mu yi ba.

Tsohon Kafinta: Baban Yara, wannan dabara tana yi in ajiye jirgi kawai za a yi. Shi fa ƙasan yake son gogewa, in ya kwanta a kan taya ta ina hannu zai shiga?

Ɗana, ga yadda nake yi. Rage masa kaya tukuna: cire inji, batir da tankin mai, ka buɗe toshiyar baya ruwa ya tsiyaye. Kowace lita ta ruwa kilo 1 ce, fetur kuma wajen kashi uku cikin huɗu na kilo. Tunda ka ce daɓe ya ruɓe, ina kyautata zaton soson hana nutsewa da ke ƙarƙashinsa ya sha ruwa, don haka jirgin ya fi yadda kake zato nauyi. Kwance igiyoyin baya da ta goshi, ka sa wa tayoyi weji gaba da baya.

Sai ka sa tirelar ta yi maka rabin aikin. Sauke wuyanta har ƙasa, za ka ga bayan jirgin ya ɗaga sama. Jera katakonka a ƙarƙashin kusurwoyi biyu na bangon baya, inda ake ɗaura inji, don nan ne ya fi ƙarfi. Su taɓa jikinsa sosai. Yanzu ɗaga wuyan tirelar sama: bayanta zai yi ƙasa ya bar jirgin zaune a kan katako. Baya ya fita ke nan, ba ka ko taɓa jak ba.

Gaba ne mai cin lokaci. Sa jak a ƙarƙashin ƙashin bayan jirgin, wato doron nan da ya bi tsakiyar cikinsa daga goshi zuwa baya, da guntun katako tsakanin kan jak da faiba. Kar ka kuskura ka sa shi a gefe inda jiki yake shafal, zai huda. Ɗaga kaɗan, yatsa biyu ya isa, ka mayar da tirela daidai. Cire weji, ka ja ta gaba da hannu har ƙarfenta na gicciye ya zo kusa da jak. Jera katako a bayan ƙarfen, sauke jirgin a kai, zare jak, sake jan tirela. Haka za ka yi ta yi wa kowane ƙarfe, har da na tayoyi. Da gundura, amma da hannu ake ja, ban da mota.

Sabon Shiga: Baba na gode ƙwarai. To in ta fita, tokara uku sun isa, biyu baya ɗaya gaba?

Tsohon Kafinta: Na yini ɗaya sun isa, na watanni a'a. Ƙara biyu ko uku a ƙarƙashin ƙashin bayan, shi zai ɗauki nauyin. Na gefe aikinsu hana shi karkata kawai, kuma ka haɗa na dama da na hagu da sarƙa don kar su buɗe. In ƙasar ba siminti ba ce, shimfiɗa faffaɗan katako a ƙarƙashin kowace, in ba haka ba ruwan sama ɗaya zai nutsar da ɓangare guda. Goshi ya ɗan fi baya tudu, toshiya a buɗe.

Mai Gyaran Faiba: Akwai abin da ba a taɓo ba. Daɓen nan da haƙarƙarin katakon da ke ƙarƙashinsa su suke riƙe da siffar jirgin. Ranar da ka yanke su, jikin zai yi laushi kamar roba. Na yi wannan kuskuren a jirgina na farko: na yanke komai yana kan tokara uku, ina ta shiga ina fita, na zuba sabuwar faiba ta bushe a kan lanƙwasa. Da na sa shi a ruwa, gefe ɗaya yake ja. Ni da ni ne kai, in katakan tirelar dogaye ne kuma suna kwance daidai da cikinsa, aikin ciki zan gama a kanta tukuna, sannan in sauke don fenti. In kuwa tirelar mai ƙananan tayoyin roba ce a maimakon katakai, sauke shi, amma ka auna faɗinsa a wuri uku ka rubuta, ka ɗaure shi da katako a gicciye kafin zarto ya taɓa shi.

Mai Walda: Kuma jak mai amfani da mai yana sauka da kansa a hankali. Muddin shi kaɗai ke riƙe da jirgi, ko hannu kar ka zura.

Sabon Shiga: Na leƙa yanzu, dogayen katakai biyu ne da kafet a kansu, ɗaya ya ɗan tsage ta baya. Zan tokare wannan, in fara da daɓen a kan tirelar. Bulon kuma na mayar da shi bayan ɗaki. Baba, katakon jerin nan, wane kauri zan nema?

Tsohon Kafinta: Inci 4 a 4 aƙalla, in ka samu 6 a 6 ya fi. Busasshe, marar tsaga, kowane guntu kamar rabin mita.