Neman shawara: gidan hutu a ƙauyen bakin teku a Norfolk, saboda Baba

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Leicester ta Ingila, kuma Babanmu zai zo mana daga Nguru a watan Oktoba in Allah ya yarda. Zuwansa na farko bai ji daɗi ba sam. Mun yi ta yawo da shi kantuna, shi kuwa sai ya ja kujera bakin taga ya zuba wa tantabarun maƙwabta ido har la'asar. Mutum ne da ya tashi a fadamar Hadejia da Nguru, ya yi kamun kifi tun yana yaro, da kuka kawai yake bambance kirinjijiya da dinya. Wannan karon ina so in kama mana ɗan gida na kwana huɗu a ƙauye kusa da teku, inda zai ga tsuntsayen ruwa ya huta. An ce mini arewacin Norfolk. Wane ƙauye ya fi? Gwiwarsa tana damunsa, ba ya iya doguwar tafiya. Sannan ya batun nama da sanyi?

Abu Sadiq:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya kawo Baba lafiya. Wanda ya ce miki Norfolk bai ɓatar da ke ba. Sau uku muna zuwa da iyali daga Peterborough. Ki nemi gida tsakanin Cley da Blakeney, ko wajen Titchwell da Brancaster, duk a kan hanyar A149 suke. Don gwiwar Baba ni Cley zan zaɓa. Fadamar Cley tana hannun ƙungiyar kare namun daji ta Norfolk Wildlife Trust tun 1926, kuma a ofishin baƙi akwai wurin shan shayi a kan tudu mai manyan tagogin gilashi, fadamar gaba ɗaya tana gabanki. Ko bai taka ko'ina ba zai ga abin da ya zo gani. In ya ji ƙarfi, akwai hanyar katako cikin kyauro zuwa rumfunan da ake zama a leƙa tsuntsu ta ƴar taga.

Lokacin da kika zaɓa ma ya yi daidai. Dinyar nan mai ƙafa ruwan hoda tana fara sauka daga Iceland da Greenland tun ƙarshen Satumba. A bakin teku suke kwana, da asuba su tashi zuwa gonaki. Ranar da na fara gani na fito ƙofar gida bayan sallar asuba da kofin shayi, sai na ji hayaniya daga sama kamar kasuwa ta ci, layi bayan layi suna wucewa. Shayin nan a hannuna ya huce ban kurɓa ba.

Za a ce miki ki je Snettisham ganin dubban ƙananan tsuntsaye suna tashi tare. Abin kallo ne, amma sai ranar da ruwa ya cika sosai, kuma daga wurin ajiye mota akwai tafiya mai nisa. Kada ki wahalar da tsoho.

Hajiya Uwani:
Ƙanwata, ni kan gidan zan yi magana, don na ji jiki. Bara na kama wani tsohon gidan dutse, hotonsa kamar ka lashe. Muna shiga na ga matakalar bene a tsaye take kamar tsani, ga ta ƴar siririya, kuma banɗaki ɗaya ne, a sama. Surukata ta kwana uku a kujerar falo, alwala kuwa a wurin wanke-wanke na kicin. Dare na biyu man na'urar ɗumama gida ya ƙare, ga waya ba sabis, sai da maigidana ya fita bakin titi kafin ya samu mai gidan. Don Allah kafin ki biya ki tambaya: akwai ɗakin kwana da banɗaki a ƙasa? Da me ake ɗumama gidan? In murhun itace ne, itacen na cikin kuɗin?

Naman halal ki saya tun daga Leicester ki sa a kula, ƙauyukan nan ba za ki samu ba sai kin je Norwich. Ki tafi da buta da garin tuwonku. Kifi kam akwai sabo. Kuma ki kauce wa makon hutun makaranta na ƙarshen Oktoba, kuɗin gidaje tashi yake.

Ɗan Gashuwa:
Yaya, ki gaida mana Baba. Ki gaya masa wasu baƙin da yake gani a fadama lokacin hunturu daga Turai suke zuwa, su tsallake Sahara su sauka wajen Dagona. A Oktoba yawancinsu sun riga sun kama hanyar Afirka, wato shi yana tahowa suna tafiya. Ki aro masa madubin hangen nesa mara nauyi, ki saya masa hular sanyi mai rufe kunne da safar hannu. Iskar tekun nan ta fi hunturun Yobe cizo.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, wallahi saura kaɗan in biya wani mai bene, kin cece ni. Na samu mai hawa ɗaya kusa da Cley, na tura wa matar tambayoyinki, ina jiran amsa. Ɗazu na kira Baba na karanta masa maganar dinya. Ya yi shiru, sannan ya ce in tambayar masa Malam Abu Sadiq: ƙarfe nawa suke tashi, kuma ta wace kusurwa suke fitowa, don ya san inda zai ajiye kujerarsa.